Yayen Aziza

MAMA: Halo? Salamu alaikum.

SAFARA'U: Wa alaikumus salam. Mama, ina wuni?

MAMA: Wa ke magana? Ɗaga murya, ba na ji.

SAFARA'U: Ni ce, Mama, Safara'u.

MAMA: Au, ke ce. Lafiya lau. Ƙanwarki Na'ima ce ta taɓa min wayar nan, duk sunaye suka gudu, lamba kawai nake gani. Ya gidan?

SAFARA'U: Lafiya lau. Kun wuni lafiya? Ya ƙafar taki?

MAMA: Da sauƙi, alhamdu lillahi. In dai ba hadari ya haɗu ba, ba ta damuna. Ya mai gidan?

SAFARA'U: Yana ofis, ya ce a gaishe ku. Ya Baba?

MAMA: Ga shi can a zaure da rediyonsa, yana faɗa da masu labarai. Ya makarantar? Ya yaran mutane?

SAFARA'U: Suna nan suna cinye min murya. Ya Hayin Banki? An kawo muku wuta?

MAMA: Wace wuta? Tun shekaranjiya suka ƙyalla ta suka ɗauke. Ku fa a Kinkinau?

SAFARA'U: Mu ma haka. Na'ima da Fahad suna lafiya?

MAMA: Kowa lafiya. Ina ƙawar tawa? Ban ji motsinta ba.

SAFARA'U: Ga ta nan tana kokawa da murfin tukunya. Aziza, zo ki gaida Kaka. Aziza! Ajiye wannan, da zafi! Aziza!

MAMA: Ji ta don Allah. Aziza, Aziza, gatsal, baki ko nauyi babu. 'Yar farinki ce fa.

SAFARA'U: To Mama, in ban kira ta ba sai ta faɗa cikin tukunya ina "ke, ke"?

MAMA: Mu da "ke" ɗin muka raine ku, ba wanda ya faɗa tukunya. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, haka muka taso muka tarar.

SAFARA'U: Ai na sani. Shekara ashirin da bakwai ina jira in ji sunana a bakinki. Na'ima ta ce ko a wayar "Yayarsu" kika sa aka rubuta.

MAMA: Sai ki gyara zama ki ci gaba da jira. Ba ni ƙawata. Halo? Ƙawalli? Kin ci abinci? Me ta ce?

SAFARA'U: Ba ta ce komai ba, lasar wayar take yi. Kawo nan, ke! Mama, kina jina?

MAMA: Ina jin ki. Lafiya dai kika kira da rana tsaka? Ke da ba a samun ki sai an yi isha.

SAFARA'U: Lafiya lau. Gaisuwa ce kawai. Sai kuma… Mama, wai don Allah me ake shafawa?

MAMA: A ina?

SAFARA'U: A nono. In ana so yaro ya ƙi.

MAMA: In ana so yaro ya me?

SAFARA'U: Ya ƙi sha.

MAMA: Tsaya, bari in fita wajen tankin ruwa, a ɗakin nan maganarki tsinkewa take. Na'ima, duba min miyar nan kar ta kama! Yauwa. Maimaita abin da kika ce.

SAFARA'U: Ba wani abu ba ne fa, tambaya ce kawai.

MAMA: Yaye kike yi?

SAFARA'U: Gwadawa dai na yi.

MAMA: Inna lillahi. Yaye? A ɗakinki? Ke kaɗai?

SAFARA'U: Mama, ai bai ma yiwu ba. Wallahi in kika ji sai kin yi dariya. Blessing, wadda muke gudu tare, ta Rafin Guza, ita ta ce in matse shuwaka in shafa, da ita ta yaye nata duka biyun. Na samo, na daka, na shafa, ni kaina da na ɗanɗana sai da na tofar. Yarinyar nan ta kama, ta tsaya, ta dube ni, ta lashe baki, ta ci gaba da sha kamar an ƙara mata gishiri.

MAMA: Shuwakar?

SAFARA'U: Shuwakar! Ashe ta saba. Kullum a filin gudu Blessing na buɗe kularta, miyar shuwaka ce, Aziza kuma tana gindinta tana miƙa baki. Da wannan ya ƙi, sai na manna filasta na ce mata ciwo ne. Ta ce "sannu", ta hura min iska, ta sa ɗan yatsa ta ɓare filastar a hankali, ta kama abinta.

MAMA: Ho ƙawata! Allah ya yi miki albarka, kin rama min. To ke saurin me kike? Ko wani abin ne ya samu?

SAFARA'U: Wane abu?

MAMA: Kin san abin da nake nufi. Ƙani ko ƙanwa.

SAFARA'U: Kai, Mama! A'a wallahi. Ba wannan ba ne.

MAMA: To mene ne?

SAFARA'U: An zaɓe ni ne.

MAMA: An zage ki? Wa ya zage ki?

SAFARA'U: Zaɓe, Mama, zaɓe! An zaɓe ni cikin waɗanda za su tafi sansanin horo a Jos. Sati uku. In an dawo a yi gasa a nan Kaduna, a babban filin wasa, a fitar da waɗanda za su wakilci jiha. Mu huɗu aka ɗauka a tseren zagaye biyu, ni kaɗai ce mai goyo.

MAMA: Jos.

SAFARA'U: Jos.

MAMA: Sati uku. Da aurenki.

SAFARA'U: Masaukin mata daban ne, Mama, kuma Koci Magajiya ce za ta tafi da mu. Kin san ta, ita ce ta zo barka da atamfa da sabulu, kika ce tana da natsuwa.

MAMA: Doguwar nan mai ɗan gashi? Na gane ta. Shi mai gidan ya sani?

SAFARA'U: Rabe? Ai shi ya fi ni rawar kai. Tun ranar da aka faɗa ya sauko da akwati daga saman kabad ya goge. Matsalar ɗaya ce, ba a zuwa da yaro. Koci ta yi iya ƙoƙarinta, aka ce babu wurin ajiye yara. Mota ranar Lahadi za ta tashi, kuma yau da yamma take so in ba ta amsa, don in ba zan je ba ta sa wata.

MAMA: To me za ki ce mata?

SAFARA'U: Zan ce ta sa wata.

MAMA: Halo?

SAFARA'U: Ina ji, Mama. Na ce zan ce ta sa wata. Na gwada yayen ya ƙi. Rabe ya ce zai riƙe ta, amma ina zai kai ta? Ofis? Mutumin da in ta yi kukan dare sai ya tashe ni ya tambaye ni me take so. Shi ke nan, Allah bai yi ba.

MAMA: Muryarki ba ta ce shi ke nan ba.

SAFARA'U: To ya zan yi? Wallahi Mama raina ba daɗi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Kin san yadda na dawo bayan haihuwar nan? Ranar farko da na koma fili, rabin zagaye na yi na durƙusa ina haki, yara 'yan sakandare suna wuce ni suna "sannu Anti". Na koma mota na yi kuka na ƙoshi.

MAMA: Ai na ga alama tun kina wankan jego a gidan nan. Ranar da kika yi arba'in na leƙa bayan gida na tarar da ke kina tsalle da igiyar shanyata.

SAFARA'U: Kika ce za ki ɗaure ni da ita.

MAMA: Da na ɗaure ki da na huta.

SAFARA'U: Tun daga nan ban tsaya ba. Kafin asuba na tashi na dama kunu na zuba a filas, na jiƙa wake. Muna idar da salla Rabe ya naɗe Aziza cikin tawul mu shiga mota sai Dandalin Murtala. Ina gudu yana zagaye da ita a kafaɗa, abokansa har suna ce masa mai reno, ko a jikinsa. Wani lokaci ina tsakiyar gudu nono ya kawo, rigata ta jiƙe sharkaf, ga maza a fili. Sai in fita in zauna bayan mota, Blessing ta ware zane ta kare ni, in ba ta ta sha, in miƙa wa ubanta, in koma layi ƙafafuna sun riga sun huce. Daga nan gida, wanka, makaranta, in yi ta tsalle da yaran mutane har azahar. In dawo in ɗora tukunya, in yi wanki, la'asar in sake komawa fili. Ran nan a tsaye na yi barci ina tuƙa tuwo, sai ƙauri ne ya tashe ni.

MAMA: Kin ga irinta. Wa ya aike ki?

SAFARA'U: Ba wanda ya aike ni. So nake. In ina gudun nan, Mama, daidai kwanar ƙarshe, lokacin da ƙirji ke zafi kamar an zuba barkono, a nan nake jin ni ce. Ba malama ba, ba matar wani ba, ba uwar wata ba, ni ɗin dai. Kuma watan jiya na yi gudun da ko kafin in yi aure ban taɓa yin irinsa ba. Koci ta duba agogonta ta sake dubawa, ta rungume ni. Ta ce in na bari bana ta wuce, baɗi 'yan shekara sha tara ne za su cika wurin, ba wanda zai tsaya jiran mai goyo.

MAMA: Uhm.

SAFARA'U: Blessing ma har ta ce in kawo ta wajen mamanta a Rafin Guza, tunda can nata suke wuni, kuma Aziza ta saba da su. Maman ta ce a kawo, ko wata uku ne za ta riƙe. Na ce dai bari in yi tunani…

MAMA: Wajen wa?

SAFARA'U: Maman Blessing.

MAMA: Maimaita, layin ne ko kunnena?

SAFARA'U: Mama, cewa na yi tayi suka yi min, ban…

MAMA: Maman Blessing mutuniyar kirki ce, ranar suna ita ta tsaya kan tukunyar shinkafa har magariba, ban manta ba. Allah ya saka mata. Amma ina raye? Ina Hayin Banki, numfashina bai tsaya ba, a ɗauki jikata a wuce ta ƙofar unguwata a kai ta yaye Rafin Guza? Ke ba ki da uwa ne?

SAFARA'U: Mama, ba haka ba ne.

MAMA: To yaya ne? Kin zauna a ɗaki kina shafa shuwaka, kina manna filasta kamar marainiya. Kin gaya wa Blessing, kin gaya wa uwar Blessing, kin gaya wa mai agogo, ni sai da kika zo neman abin shafawa. Wallahi kin ɓata min rai. Na faɗa miki gaskiya, kin ɓata min rai.

SAFARA'U: Ki yi haƙuri. Nauyi na ji.

MAMA: Nauyin me?

SAFARA'U: Na san ba kya son gudun nan. Tun ina firamare Baba ne ke kai ni, shi ya saya min takalmin kambas na farko. Ke ko sau ɗaya ba ki taɓa zuwa kin ga na yi ba. In na kawo kofi gida sai ki ce a ɗora kan firij kar ya tare hanya. Sai in zo in ce miki ki karɓi yaye, ki yi sati uku ba barci da wannan ƙafar taki, don in je in yi abin da ba kya so? Bakina ya kasa. Kuma ke ma ba ki taɓa cewa a kawo ta ba.

MAMA: In ce a kawo ta? Ni? Ke wai a ina kika girma? Yarinya tana da dangin uba, kakarta ta wajen uba tana Zariya da ranta da lafiyarta, sai ni uwar mace in buɗe baki in ce a ba ni? A ce mun cinye musu jika? Ai kara ba ta bar ni ba. Nasu ne su fara, in sun ce sun bar min, sannan in karɓa.

SAFARA'U: Ai sun bar miki.

MAMA: Wa ya ce?

SAFARA'U: Hajiyar Zariya. Tun da ƙaramar salla da muka je. Ta ce wa Rabe ita hawan jininta ba zai bar ta ta yi jijjigar dare ba, in lokaci ya yi a kai wa 'yar'uwarta ta Hayin Banki, wato ke, kin fi ta ƙarfi.

MAMA: Tun yaushe?

SAFARA'U: Ƙaramar salla.

MAMA: Ƙaramar salla! Kika riƙe maganar nan a cikinki har yau?

SAFARA'U: Na ɗauka zan ɗora miki wahala ne.

MAMA: La ilaha illallahu. Ni ina nan ina lissafin watannin yarinya, ina cewa yanzu za a zo a ce min an kai ta Zariya, in yi murmushi in ce Allah ya raya. Kin san abin da ke saman kabad ɗina yanzu haka?

SAFARA'U: A'a.

MAMA: Ƙaramin gidan sauro, mai ruwan hoda. Da ɗan kofi mai hannu biyu. Gero kuwa tun watan jiya na sa aka surfa aka shanya, da gyaɗar kunu. Babanku ya gani ya ce na wa, na ce ajiya aka ba ni. Ya yi dariya ya fita, don ya san ƙarya nake.

SAFARA'U: Mama…

MAMA: Kar ki yi min kuka a waya, katinki ne ke tafiya.

SAFARA'U: Ba kuka nake ba.

MAMA: To mura ce ta kama ki yanzu-yanzu. Saurara. Ni ban ce ina son gudun nan ba. A islamiyya ba abin da ban ji ba, wai 'yar wance ce ke zagaye fili da wando. Na ce dogon wando ne, kanta a rufe, mijinta na tsaye a wurin da 'yarsa a kafaɗa, wadda abin ya dama ta je ta tambaye shi. Tun ranar ba wadda ta sake yi min.

SAFARA'U: Kin faɗa musu haka? Ba ki taɓa gaya min ba.

MAMA: Ke aka yi wa maganar ko ni? Kuma da kike cewa kofi a kan firij, wa kike tsammani yake goge su duk Juma'a? Aljanu?

SAFARA'U: Na ɗauka Na'ima ce.

MAMA: Na'imar da ko kofin shayinta ba ta wankewa? In Babanku ya dawo daga kallonki yana ba su labari a tsakar gida, me ya sa kike gani nake ɗauko tiren shinkafa in zauna kusa ina tsinta? Shinkafar da na riga na tsince tun safe.

SAFARA'U: To me ya hana ki zuwa, Mama? Ko sau ɗaya?

MAMA: In zo in yi me?

SAFARA'U: Ki gani mana.

MAMA: Babanku ya ce in kun taho kwanar ƙarshe kowa miƙewa yake yana kiran sunan nasa. Uwar Blessing har ɗankwalinta ke faɗuwa. To ni in na zo me zan ce? In miƙe cikin mutane in ce "ke, ke"? Duk filin ai "ke" ne. Sai in tsaya kamar gunki, 'yata na wucewa, bakina a rufe, mutane su ce wannan ba ta da kowa a ciki. Gara ina gida ina jan carbi har a dawo a ce min ba ki faɗi ba.

SAFARA'U: Wallahi ban taɓa sanin haka ba ne.

MAMA: Ai ba a faɗa. Yau ma ke kika ja. Halo? Kina nan?

SAFARA'U: Ina nan. Aziza ce ta hau cinyata, tana jan rigar. Bari, Aziza. To, to, sha.

MAMA: Ba ta ta sha, kwananta biyu ya rage. Jibi Juma'a, ranar da ake kai yaye ke nan. Da hantsi ki yi mata wanka, ki ba ta ta ƙoshi, ku kawo ta ke da ubanta. Babanku zai yi mata addu'a. Ki haɗo kayanta da wannan tsohon ɗankwalin naki da take barci da shi, kar ki wanke. In kun ajiye ta, ina ɗauke mata hankali ki zame ki fita. Ba sallama, ba waiwaye.

SAFARA'U: Sai in dawo Asabar in duba ta kafin mu tafi.

MAMA: A'a.

SAFARA'U: Ko ta taga ce, Mama.

MAMA: Na ce a'a. In ta gan ki, ko ta ji ƙamshinki, an koma farko. Daga Juma'a sai kin dawo daga Jos. Kuma kar ki riƙa kira kina cewa a sa miki ita a waya da dare, muryarki ma tayar mata da hankali za ta yi. Ki kira ni da rana, in gaya miki abin da ta ci.

SAFARA'U: Mama, ban taɓa kwana ba tare da ita ba.

MAMA: Na sani.

SAFARA'U: In ta yi ta nemana fa? In ta ɗauka gudu na yi na bar ta? Jiya ina kallonta tana barci na ce wace irin uwa ce ni, zan cire 'yata daga nono saboda tsere. In na dawo ta ƙi ni fa?

MAMA: Shekararta ɗaya da wata tara, tana cin tuwo, tana cin shuwakar mutane, ko ba Jos ai ta isa yaye. Za ta yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Daren farko ba wanda zai runtsa a gidan nan, har Babanku da rediyonsa. Na biyu da sauƙi. Kafin sati za ki ji tana bin kaji a tsakar gida. In kin dawo za ta yi miki fushi, ta ɓuya a bayana, ta leƙo, ta sake ɓuya. Kafin ki gama shan ruwa tana kan cinyarki.

SAFARA'U: Kin tabbata?

MAMA: Ke haka kika yi min. Wajen kakarki a Giwa aka kai ki. Na ajiye ki na fito fuskata a bushe, don surukai na kallo, ɗan fari ba a nuna damuwa a kansa. Sai da motar ta bar garin na ja mayafi na rufe fuska. Har Kawo ban buɗe ba, mayafin ya jiƙe kamar an tsoma a ruwa.

SAFARA'U: Ke, Mama?

MAMA: A'a, maƙwabciyata. Ke dai ki ji abin da ke gabanki. Ƙirjin zai cika ya yi tauri, kwana biyun farko har zazzaɓi-zazzaɓi za ki ji. Ki ɗaure da zane sosai, kar ki yi ta matsewa. Ki gaya wa mai agogon ta sassauta miki ranakun farko, ita ma uwa ce. Kuma Jos da sanyi, ki tafi da rigar sanyi biyu. Zan soya miki dambun nama, ki karɓa ranar Juma'a.

SAFARA'U: Koci ta hana mu maiƙo.

MAMA: Koci ta haife ki? Ki ci a ɓoye.

SAFARA'U: To Mama. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku. Ƙafar taki fa, da jijjigar dare?

MAMA: Ƙafar da ta yi jijjigar mutum biyar? Ga Na'ima nan, ta rage danna waya ta koyi goyo. Ke dai abu ɗaya nake so. Tunda za ki sa ƙawata kuka, ki sa ni rashin barci, kar ki je can ki yi mana gudun wasa. Ki yi abin da ya kai ki.

SAFARA'U: In sha Allahu. Wayyo, Mama, sun ce katina ya kusa ƙarewa.

MAMA: To yi maza ki kira matar nan kafin ta ba wata wurinki. Kar ki jira yamma.

SAFARA'U: Da wayar maƙwabciya zan kira ta yanzu. Mama, gasar fa? Wadda za a yi a nan in mun dawo. Zan so Aziza ta zo, ko Baba ya taho da ita.

MAMA: Babanku ya riƙe yarinya a cikin taro? Ya ajiye ta ya tafi musu da alƙalin wasa? Ni zan kawo ta.

SAFARA'U: Ke za ki zo?

MAMA: Rakiyar ƙawata zan yi, ba wajenki na zo ba. In ɗora ta a kafaɗa, ita ta yi kiran, tunda bakinta ba nauyi, gadon uwarta ta yi. Sati uku ai ya isa in koya mata. Kullum in mun sha kunu in zaunar da ita in ce, ƙawalli, ce "Safara'u, gudu! Safara'u, ki wuce su!"

SAFARA'U: Mama.

MAMA: Na'am.

SAFARA'U: Me kika ce?

MAMA: Me na ce?

SAFARA'U: Kin faɗa. Sau biyu kika faɗa. Don Allah sake faɗa, Mama, sau ɗaya kawai, kafin katin ya…

MAMA: Halo? Halo? Ba na jin ki, layin nan ya lalace.

SAFARA'U: Mama, ras nake jin ki!

MAMA: Ni ba na ji. Na'ima, miyar nan ba ƙauri take ba? Ke, sai Juma'a. Kar ki manta ɗankwalin.